Yaran Da Suka Ƙi Bangaje Ni

Tun da aka buɗe sabon jirgin ƙasan nan da ke bin gada ta saman unguwar Cheras na daina zama ta tagar hagu. Ta wannan ɓangaren filinmu yake a da. Yanzu wani dogon bene ne mai gilashi a wurin, a ƙasansa akwai kantin shayin ƙanƙara da wurin wankin mota. Ba rashin filin ne ya fi damuna ba, don ƙasa ce, mai ita ya sayar da abinsa. Abin da ke tayar mini da zuciya shi ne tun kafin katafila ta iso mun riga mun kashe abin da ake yi a cikinsa, kuma 'yan'uwana ne suka kashe shi, cikin ladabi, suna murmushi suna ce mini Baba.

Na zo garin nan karatu ina saurayi, a zamanin da in ka ji Hausa a Jalan Masjid India sai ka bar cinikin da kake yi ka bi mai maganar har ka riƙo hannunsa. Ba mu da yawa, kuma kowa yana can a watse. Lahadi ta fi kowace rana yi mini tsawo. In yi wanki, in shanya, ruwa ya sauko in kwashe, ya ɗauke in sake shanyawa, kayan su kwana suna warin raɓa. A irin yawon nan na rashin abin yi na faɗa kan wasu jajayen Turawa a filin bayan wata makaranta, suna wasan da na ɗauka taɓin hankali ne. Ƙwallo ce zagayayya kamar tamu, amma sai ka ga mutum ya cafe ta da hannu ya rungume, ya yi 'yan taku, ya sake ta bisa yatsun ƙafarsa ta dawo hannunsa, duk yana gudu. In zai ba ɗan'uwansa sai ya naushe ta da dunƙulallen hannu. In ta bi ta saman sandar raga tsakanin dogayen turaku an ci maki ɗaya, in ta shiga raga an ci uku. Daga baya na san mutanen ƙasar Ailan ne, wasan kuma na kakanninsu ne, ƙwallon Gelik, wanda a can kowane ƙauye ke da ƙungiyarsa, ba a biyan kowa, ba a sayar da kowa.

Babbansu wani dattijo ne gajere kakkaura mai sanƙo, rana ta gasa masa wuya. Aikin magudanun ruwa ya kawo shi ƙasar, don haka nake ce masa Injiniya, sunansa na yanka kuwa bai taɓa zauna mini a baki ba. Turancinsa kamar mai tauna dankali da zafi, sai na yi watanni kafin na fara tsintar rabinsa. Shi ya hango ni riƙe da shingen waya, ya ce, "Kai, kallo ka zo yi ko jira kake a kira ka?" Mutum ɗaya suke nema wasa ya cika. Na shiga da takalmin da nake zuwa aji da shi.

Kafin a taɓa ƙwallo a wancan lokacin sai an yi aiki. Filin na ƙwallon ƙafa ne, ba shi da dogayen turaku, don haka kowace Lahadi sai mun kinkimo gora daga bayan ɗakin mai gadi, ɗaya ya hau wuyan ɗaya, a ɗaɗɗaure ta da tsohuwar robar tayar keke. In an ɗaure ta karkace Injiniya ya sa a kwance, ko da kuwa manajan banki ne a saman. Layi da farar ƙasa muke ja, ranar da ta ƙare mu roƙi fulawa wurin mamak, wato mai shayi da abinci na bakin titi. Akwai mai ɗauko jarkar ruwa, akwai mai tsince ƙusoshi da fasassun kwalabe. Buhun riguna kuwa zagayawa yake yi, ranar da ya faɗo kanka za ka shiga bas da shi mutane suna matsawa daga kusa da kai. Har yau kunnena bai manta da ƙarar filin nan ba: tim ɗin ƙwallo in ta faɗa ƙirjin mutum daga sama, ƙarar gora in iska ta kaɗa, tsawar la'asar tana tahowa daga bayan duwatsu, da wannan ƙaramin nishin da ke fita in kafaɗa ta haɗu da kafaɗa. In an tashi mu zube wurin mamak, Turawan su wuce shan abinsu daga baya, ni in tsaya a kan shayina mai kumfa, ba wanda ya taɓa tambayar wani dalili.

Ban daɗe da shiga ba abin da ya ɗaure ni da wasan nan ya faru. Ina gudu da ƙwallo, ina jin kaina, sai kawai na tsinci kaina a taɓo ina kallon sama. Injiniya ne ya zo ta gefe ya bangaje ni. Na tashi a fusace, don a garinmu wannan neman faɗa ne tsirara. Aka riƙe ni ana dariya, aka yi mini bayani cewa halal ne a wasan: kafaɗa da kafaɗa, ta gefe, ban da ƙirji, ban da baya, ban da gwiwar hannu. Na ji na yarda. Amma da ƙwallo ta koma hannunsa ya nufo ni, sai ƙafata ta kauce da kanta. Mutumin ya kai sa'an mahaifina. Na kauce masa sau ɗaya, na sake kaucewa, sai ya dire ƙwallon a ƙasa ya tsayar da wasa, ya tako har gabana fuskarsa ta ƙara ja.

"Me na yi maka kake raina ni?"

Na ce ba raini ba ne, a wurinmu yaro ba ya ture babba.

Ya ce, "A bakin layi ka ɗaukar mini jaka in ka ga dama, ka kawo mini kujera. Amma a cikin layi in ka kauce mini, cewa kake ban isa a yi wasa da ni ba. Ban baro gadona da sassafe don wani yaro ya ji tausayina ba."

Da ya sake zuwa na rufe ido na ba shi iya ƙarfina. Sai ga dattijon nan ya mirgina har bakin kwata. Gabana ya faɗi, na ce shi ke nan na kashe Bature a ƙasar mutane. Ya tashi da taɓo har cikin kunne yana ƙyaƙyata dariya, ya ɗura mini wani zagi da ban taɓa jin daɗin irinsa ba.

Na yi shekarun ƙarfina a tsakiyar fili, wurin da ake tsallen ƙwallon sama, kuma ba yabon kai ba, 'yan Singapore da 'yan Bangkok sun san ni. Na gama karatu, aka riƙe ni koyarwa a jami'ar da ke titin Jalan Semarak, na yi aure, na haihu, Lahadi ba ta canza ba. A gabana ƙarfin Injiniya ya ƙare, kuma ba wanda ya zaunar da shi ya gaya masa da baki. Kafaɗunmu ne suka gaya masa. Da ya ga faɗuwa ta fi tsayuwa yawa, da kansa ya tuɓe rigar ya jefa a buhu, ya koma bakin layi yana zaginmu da usur a wuya. Haka ɗan wasa ke sanin lokacinsa, ba wata hanyar. Da zai koma gida ya rataya mini usur ɗin. Na zama koci, amma ban daina shiga fili ba, sai dai na koma gaba kusa da raga inda gudu bai kai na tsakiya ba.

Turawa ba sa zama, aiki ya kawo su aiki ya kwashe su, wata Lahadin da ƙyar muke cika gefe biyu. Sai ga ɗalibanmu na arewa sun fara kwararowa da tallafin karatu, har Hausa ta zama abin da kake ji a lif. Na yi murna ƙwarai. Na bi su masallaci, na bi su gidajen abinci, na lallaso matasa ƙarfafa, na ce ga waɗanda zan bar wa ƙungiya. Sun koyi wasan da wuri, ban tauye musu wannan ba. Amma ba sa isowa sai an gama ɗaure gora, su sauko daga motar da suka kira ta waya da takalma masu kalar alewa. Buhun riguna wurin injin wanki ake jefa shi, ya dawo da rabi sun ɓata. Kafin a hura usur sai an jeru an yi hoto, bayan an tashi a sake wani, mutum bai yi gumin kirki ba amma duk dangi a gida sun ga ya yi wasa. Duk wannan na haɗiye. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne yadda ƙwallo ta koyi sanin manya. Ga mutum a buɗe gaban raga yana ɗaga hannu, sai a juya a miƙa wa shugaban ƙungiyar ɗalibai, ko ɗan wane, ko wanda ake sa ran zai koma gida ya zama shugaban sashe. Ni kuwa, da furfurata da muƙamina, sai na zama kamar mai ɗauke da ƙwai a faranti. In na riƙe ƙwallo fili ya dare. Mai tsaron raga ya faɗi gabas ni ina bugawa yamma, a tafa, a ce Baba ya ci.

Kada a ce ba na son ladabi. Ina son a gaishe ni, ina son yaro ya rage murya in ina magana, kuma 'ya'yana da ke amsa mini da Turanci sun san yadda nake ji. Amma wannan da suke yi a cikin layi ƙarya ce aka sa wa hular ladabi, kuma ƙyamarta nake ji. Ga shi kuma ina da buƙatar gaskiya a lokacin, don gasar shekara ta matso, a garin nan za a yi ta, ni ke zaɓen 'yan wasa, kuma ina son in buga ta ƙarshe in na cancanta, in ban cancanta ba in bar wa yaro gurbin. Gwiwata na faɗin wani abu, zuciyata na faɗin wani. Masu raba gardamar su ne waɗannan da ke dare mini hanya.

Na kira kyaftin ɗinmu gefe, wani ƙaton Bakatsine mai karatun digirin ƙarshe, wanda in ya bangaji sa'ansa sai an ɗauko ruwa. Na ce ya dubi Allah ya gaya mini, ina da sauran wasa ko babu.

Ya ɗan rusuna ya ce, "Haba Baba, ai you're still fit wallahi. Mu ne ma muke shan wahala a hannunka."

Na ce, "To me ya sa ba ka taɓa bangaje ni ba?"

"Ni? In bangaje ka, ranka ya daɗe? Ai in labari ya je gida babana sai ya tsine mini. Kuma kai ne a panel ɗin da zai duba digirina, Baba, ina zan kai wannan?"

Ya faɗe ta yana dariya, wai wasa yake yi. Ni dai na ji rabin farko na maganar na ji rabin ƙarshe, na kuma san wanda ya fi nauyi. Lahadin da ta biyo na tara su na kafa doka: duk wanda ya kauce mini ba zai buga gasa ba. Suka ce, "Boleh, Baba," wato an yarda, da yaren mutanen ƙasar. Abin da ya biyo baya ya fi na da muni. Yaro ya taho a guje kamar gaske, ya goga mini kafaɗa kamar mai share ƙura, sai ya watsar da kansa ƙasa yana birgima yana riƙe haƙarƙari. Ƙato guda, wanda zai iya ɗaga ni da hannu ɗaya, yana kwance yana cewa Baba ƙarfe ne. Wani kuma yana ɗauka a waya.

Da na koma gida maman yara ta dube ni ta ce, "Malam, ka bar musu abin nan haka. Na ga yadda kake riƙe ƙarfen matakala." Na ce mata matakala ba fili ba ce. Ta ce to Allah ya kyauta, ta ci gaba da tsince shinkafarta. A ranar na yanke shawara: tunda nawa ba za su gaya mini ba, baƙi za su gaya mini. Zan shiga wasan farko na gasar, in bar wanda bai san ni ba, bai da takardar da ke jiran sa hannuna, ya yanke hukunci. In na tsaya na tsaya, in na faɗi in tuɓe rigar da raina fari.

Ranar gasa rana ta fito da zafinta tun hantsi. An yi rumfuna, an kafa turaku na ƙarfe, ƙungiyoyi sun zo daga garuruwa daban-daban. Mu da 'yan Singapore aka fara haɗawa. Ba a daɗe da farawa ba aka ɗago mini ƙwallo ta sama, na yi tsalle, ba irin na da ba amma na kama ta, na ji tim ɗin nan a ƙirjina, na juya na nufi raga. Sai wani saurayin ɗan Ailan mai tsaron baya ya zo ta hagu ya ba ni kafaɗa. Tsabtatacciya ce, ta gefe, ba gwiwar hannu, ba mugunta. Na yi sama na dawo kan kafaɗar dama, na ji wani abu ya goce a ciki. Ina kwance ciyawa a bakina, zafi na ratsa ni har haƙori, amma wallahi daɗi nake ji. Na ce yau dai an yi wasa da ni. Na sami amsata, kuma amsar ba ta yi mini ciwo ba.

Ban gama wannan tunanin ba na ji ƙasa na rawa. Yarana ne, har da na benci, har da masu riƙe da waya, suka yi kan saurayin nan. Ina jin muryar kyaftin sama da ta kowa: "Ka san ko waye wannan? You hit our father?" Ina ɗaga hannun da ke aiki ina cewa ku bari, halal ce, ba wanda ya saurare ni, don ba don ni suke yi ba, kowa so yake a gan shi a sahun gaba. Waɗanda suka kasa taɓa ni da kafaɗa bisa doka, su ne suka iya rufar wa mutum ɗaya da naushi. Kafin a raba an fasa masa hanci. Alƙalin wasa ya tashi wasan, masu shirya gasa suka taru a rumfa, ba su jima ba suka sanar an kore mu. Turawa biyu ukun da suka rage mana suka tuɓe rigunanmu suka ajiye a kan ciyawa suka tafi ba sallama, kuma daga ranar ƙungiyar ba ta sake haɗuwa ba.

Kyaftin ya zo ya durƙusa gabana yana haki, rigarsa a yage, fuskarsa cike da jin ya yi abin kirki.

"Baba, mun rama maka. Gobe ba zai ƙara ba."

Na ce su tashi daga kaina, kada wanda ya taɓa ni. Na miƙe da kaina, hannu na reto, na nufi rumfar masu ba da agaji.

A can na tarar da saurayin zaune a kan akwatin ƙanƙara, ya ɗaga kai sama, an toshe masa hanci da auduga, jini ya ɓata masa gaban riga. Na so in ba shi haƙuri, amma abin da ya fi kawo ni godiya ce. Na so in gaya masa shekaru ke nan ina neman wanda zai ɗauke ni ɗan wasa, shi kaɗai ya yi. Na miƙa masa hannun hagu. Ya sauke kai ya dube ni da kyau, ya dubi gemuna, sai na ga kunya ta rufe shi, ya yi zumbur ya miƙe tsaye.

Ya ce, "Ka yafe mini, yallaɓai. Idona na kan ƙwallo, ban ga fuskarka ba. Da na san dattijo ne da na bar maka ita."

Hannuna na nan a miƙe tsakaninmu. Na ce masa ba komai. Ya matsa ya ba ni akwatin da yake kai, na zauna.